Yatsan da Na'ura Ta Sani

Aikina ba da magani ne ta taga. Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba, ko da yake duk wanda ya leƙo tagar nan sai ya ba ni muƙamin da ya ga dama. Wani ya ce sista, wani ya ce dokta, ni kuwa in amsa, don ba ni da lokacin gyara wa kowa baki. Asibitin gwamnati ne a cikin Jos, tagata kuma ta masu hawan jini ce da ciwon suga, waɗanda ake ba magani da rahusa a ƙarƙashin wani shiri na gwamnati. Na daɗe a wurin har katakon tagar ya yi santsi daidai inda nake ɗora gwiwar hannuna. Kullum da safe in fito daga unguwarmu Dutse Uku da rigar sanyi, in hau keke napep, in iske layi ya riga ni zuwa.

Cikin masu layin akwai wata dattijuwa da ita kaɗai ke kirana Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Na gaya mata har na gaji, ta ce ai fata take yi mini. Ni kuma Mama nake ce mata. Daga wani ƙauye take can bayan duwatsu, inda mota ba ta kaiwa sai mashin. Dankalin turawa take nomawa da kabeji, kuma babba ce a cikin matan zumuntar cocinsu. Gajeriya ce kakkaura, ga baki. In ta iso, tun daga get za ka ji ta tana yi wa masu gadi tsiya. Ita kanta ba ta da hawan jini, ba ta da suga. Takan ce ita ce ma ke sa wa wasu hawan jinin.

Abin da ke kawo ta katunan mutanen ƙauyensu ne. Ranar da za ta kawo dankali kasuwar Farin Gada, sai ta bi gida-gida ta karɓi katin duk mai shan magani, ta zuba a leda, ta ɗaure a ƙugu. Akwai wani ma'aikacin lafiya a ɗan ƙaramin asibitin da ke kusa da su, shi ke auna jinin mutane ya rubuta a bayan kati. Likitanmu ya duba abin da aka rubuta, in ba wani canji ya sa hannu, ni kuma in ƙulla wa kowa maganinsa na wata. Mai katin ba ya zuwa da kansa sai lokaci-lokaci, in likita ya ce yana son ganinsa. Mama ba ta karatu, saboda haka kowane kati ɗaure yake da ƙyallen zanen mai shi ko na rigarsa, ni kuma in cusa ƙullin maganin a ƙarƙashin ƙyallen. In mun gama sai ta ajiye mini ɗan dankali a ƙasan taga. In na ce ba na karɓa, ta ce ba ni ta ba ba, yarana ta ba, ta yi tafiyarta. Ba ita kaɗai ke wannan aike ba. Ƙauyuka da yawa haka suke yi tun kafin in fara aiki, kuɗin motar mutum ɗaya ya ɗauke wa tsofaffi da dama wahalar hanya. Ba a rubuta shi a wata doka ba, amma kowa ya san da shi, har manyanmu. A cikin katunan nan akwai na mijinta, wanda muke ce wa Baba.

Ba zan yi wa na'ura ƙarya ba don ina jin haushinta. Kafin ta zo, magani yana sulalewa. Kuɗin da gwamnati ke sakowa ba ya isa, masu ciwon kullum ƙaruwa suke, sannan ka shiga kemis a cikin gari ka ga maganinmu, da tambarinmu a jikin kwalin. Wa ya kai shi? Oho. Amma da yake ni ce a taga, ni aka fara kira ofis. Aka zaunar da ni ana yi mini tambayoyi kamar wadda aka kama da akuyar maƙwabta. Ba a same ni da komai ba, aka ce in yi haƙuri. Don haka da aka ce za a kawo kwamfuta, kowane mara lafiya sai ya danna babban yatsansa kafin magani ya fita, ni na fi kowa murna. Na ce alhamdu lillahi, yanzu sai a ga ɓarawon gaskiya.

Ogan sashenmu ya tara mu ya yi bayani. Mutum ne mai sanyin magana, a Rayfield unguwar manya yake zaune, ba na jin ya taɓa ɗaga wa ko kaza murya. Ya ce abin a sauƙaƙe yake. Yatsa ya taɓa gilashi, fitila ta yi kore, magani ya fita. A ƙarshen wata kwamfuta ta tattara yatsun da ta gani ta aika sama. Da wannan za a san yawan masu bukata, da shi za a sako kuɗi, da shi kuma sito zai sayo magani. Ba sauran ƙiyasi, ba sauran rarar da za ta bi ta bayan katanga. Wata nas ta tambaya game da mutanen ƙauye masu aiko da kati, mutanen kamfanin da suka kafa na'urar suka ce kada a damu, akwai ƙofar wakili a ciki, za a yi wa ɗan aike rajista ya riƙa dannawa a madadinsu. Muka tafa muka watse.

Makon rajista asibitin ya cika kamar ranar kasuwa. Mama ta ciko mota da tsofaffinta. Ranar na ƙare wa Baba kallo, dogo ne miƙaƙƙe da hular sanyi, tsohon mai haƙar kuza kafin ya koma noma. Na'ura ta ƙi yatsansa, ta sake ƙi. Yatsun manoma da masu kuza sun goge, zanen duk ya tafi. A ranar muka koyi dabaru: a hura wa yatsan iska, a goga shi a goshi ya ɗan sami maiƙo, in ya ƙi a shafa man kaɗanya a share. Da ƙyar ta karɓi na damansa. Na hagun kuwa ƙememe ta ƙi, ga layi ya kai bakin titi, ga sabis yana ɗaukewa, sai mutanen kamfanin suka ce ɗaya ma ya isa. Baba ya ɗaga yatsan ya dube shi, ya ce da ya san yana da daraja haka da bai bar wa fartanya shi ba. Aka yi ta dariya, har da ni.

Wata ya zagayo, Mama ta zo da ledarta kamar kullum, ta zazzage katunan a kan taga.

"Hajiya, ga mutanena."

Na ɗauki na sama na shigar da lambarsa. Kwamfuta ta nuna sunan mai shi, ta nuna maganin, sannan ta tsaya tana jiran yatsa. Na nemi ƙofar wakilin nan, na danna nan na danna can, babu ita babu dalilinta. Na gwada wani katin, haka.

"Mama, wai sai mai katin ya zo da kansa."

"Ai sun zo. Ba ke kika shafa masu mai a yatsa ba?"

"Wai kowane wata ne. Duk ranar karɓa sai ya danna."

Ta dube ni, ta dubi ɗan akwatin gilashin. Sai ta miƙo nata yatsan ta ce to bari ta danna masu, ai shekara da shekaru ita ke zuwa, duk asibitin nan wa bai san ta ba? Na bar ta ta danna don ta gani da idonta. Fitila ta yi ja. Ita da ba ta da ciwo ba a yi mata rajista ba, kwamfuta ba ta ma san akwai ta a duniya ba.

"Wannan abin naku," ta ce, "ya san nisan garinmu kuwa?"

Na bayanta sun fara gunaguni, wani yana cewa a yi sauri zai koma ofis. Ta tattara katunan ɗaya bayan ɗaya ta mayar leda. Da ta tafi na leƙa ƙasan taga, sai ga dankalin ta ajiye. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na rufe tagar na nufi ofishin oga, ko sallamar kirki ban yi ba.

"Yallaɓai, ina ƙofar wakilin da aka ce akwai?"

Ya ce akwai ta, kamfani ya gina ta, amma tana cikin kashi na biyu na aikin, gwamnati kuma na farko kawai ta biya. Sai an sako sauran kuɗin za su buɗe. Na ce yaushe? Ya ce ya tura sama, yana jira. Na ce to kafin nan zan riƙa ba matar nan da hannu in rubuta a takarda kamar da.

"Madam, zauna tukuna," ya ce.

Ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa. Kowane kwali yanzu yana da lamba. In ya bar kanta ba yatsa, a ƙarshen wata zai fito a matsayin wanda ya ɓata, a ƙarƙashin sunan wanda ke kan tagar.

"Sunanki ne a kai," ya ce. "Wancan karon na iya tsaya miki don babu shaida. Wannan karon shaidar za ta kai kanta sama kafin ni ma in sani. Ba na so in rasa ki."

Ina da yara a makaranta. Maigidana katako yake sayarwa a kasuwar Katako, kasuwar kuma ta mutu, wani lokacin ya wuni bai sayar da ko falanki ɗaya ba. Albashina ne ke riƙe da gidan. Na fito ina zage-zage a zuciyata, ban ma san wa nake zagi ba. Da na ba maigidana labari a gida sai ya ce, "To ba ke ce kika yi ta guɗa an kawo kwamfuta ba?" Na ce ya ji da katakonsa ya bar ni da abin da ke damuna. Ƙofar nan, har yau da nake wannan rubutu ba a buɗe ta ba.

Waɗanda za su iya zuwa suka riƙa zuwa. Baba ya zo da ƙafarsa a watannin farko, yana tsokanata cewa ya kawo wa na'ura gaisuwa. Sai damina ta sauka. Rafin da ke tsakaninsu da titi ya cika, aikin gona ya taso, kuɗin mashin ya hau, ga shi yanzu na mutum biyu ne. Baba ya ce shi lafiyarsa ƙalau yake ji, ba zai bar gona don ya je ya taɓa gilashi ba. Haka hawan jini yake, ba ya ciwo sai ya gama da mutum. Ya daina zuwa, sauran tsofaffin ma suka riƙa janyewa. Mama dai ba ta fasa biyowa ba duk ranar dankali. Ta leƙo ta ce, "Hajiya, an buɗe?" In ce tukuna. In kasuwa ta yi kyau sai ta saya wa Baba a kemis, ta riƙa raba ƙwayar biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Da na ji na hau ta da faɗa, na ce rabin ƙwaya ba magani ba ne. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To ki ba ni cikakken."

Ana nan sai manya suka zo daga ma'aikatar lafiya aka yi taro. Aka haska mana zane a bango, layin masu karɓar magani ya yi ƙasa. Suka ce an toshe ɓaraka, an rage asara, asibitinmu ya zama abin koyi. Kuma da gaskiyarsu ta wani ɓangaren, don tun zuwan na'urar ban sake ganin kwalinmu a kemis ba. Amma na san waɗanda suka fita daga layin nan, na san kalar ƙyallen kowa. Na ɗaga hannu, oga yana ta yi mini ido, na ƙi gani.

"Ranku ya daɗe, waɗanda suka ragun nan ba warkewa suka yi ba. Suna gida, hanya ce ta hana su."

Wata babbar mace cikinsu ta amsa mini cikin mutunci. Ta ce ta yarda akwai irin wannan, amma su da abin da kwamfuta ta nuna suke tsara kasafi, in ina da shaida in kawo. Na zauna ina huci. Wace shaida gare ni in ba yatsun nan ba, yatsun kuma suna can bayan rafi? Bayan taro oga ya same ni a taga ya ce, "Na sani, Madam. Amma ba zan iya neman kuɗin mutanen da kwamfuta ba ta gani ba." Ya kuma gaya mini an ɗage biyan kashi na biyu, tun da alƙaluma sun nuna shirin yana tafiya daidai. Sito ma ya rage maganin da yake sayowa. Na ce to a ba ni na'urar ranar Asabar in kai ta ƙauyen da kuɗin motata. Ya ce ba ta aiki sai a kan wayar asibiti, kuma ai na ga an ɗaure ta da teburin. Ba sa zuwa don ba a buɗe ƙofa ba, ba za a buɗe ƙofa ba don ba a ga sun zo ba, ni kuma ina tsakiya ina ƙulla magani. Na ji kamar in cire farar rigar in ajiye masu, amma ina zan je?

Wata rana Mama ta shigo ban ji muryarta daga get ba. Sai ganinta na yi a kan benci, ta haɗa hannuwa a cinya, ba ta ma shiga layi ba. Na fito na same ta. Ta ce Baba ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ba ta fita. Sun kai shi wani asibiti da ke kusa da su, likitan can ya ce in ya sake fashin magani, faɗuwa ta biyu ba za ta bar shi ba.

"Hajiya, ko zama ba ya iyawa sai an tare shi. Yaya zan yi in kawo shi?"

Na sake komawa wurin oga. A gabana ya buga waya sama, ya yi ta roƙo. Suka ce ba za a ware kowa ba sai an buɗe ƙofar wakili, don ta irin wannan alfarmar ce magani ya riƙa zurarewa a da. Ya ajiye wayar ya sa hannu a aljihu, ni ma na ƙara abin da nake da shi, muka saya mata na watan a kemis. Da ta zo wata na gaba na so in sake, ta riƙe mini hannu.

"Ke ma kina da yara. Ba zai yiwu kullum ba. Zan kawo shi."

Ana saura 'yan kwanaki ranar zuwanta, maganin Baba ya ƙare a kantarmu. Ɗan abin da sito ya sayo mutanen cikin gari suka kwashe, su da keke ɗaya ke kawo su. Na je sito da kaina, suka nuna mini kantar wayam, suka ce sai an sako kuɗin wata mai zuwa. Na yi ta kiran ma'aikacin lafiyar ƙauyen don ya hana ta tasowa. Can ba a samun sabis sai an hau dutse. Na tura saƙo, na sake turawa, ba amsa. Na riƙa addu'ar Allah ya sa rafin ya cika ya hana su hanya.

Rafin bai hana su ba. Da hantsi, ana yayyafi, na hango keke ya tsaya a bakin baranda. Daga baya Mama ta gaya mini yadda suka yi: an ɗaure Baba da zane a bayan mai mashin, ita ta zauna a baya ta tallafe shi har titi, daga nan aka kwantar da shi a mota a kan buhunan dankali, sannan keke. Keken marasa lafiya guda da ke aiki yana wani sashen, sai mai keken da ya kawo su da wani maigadi suka ciccibo shi suka ɗora a benci. Da ƙyar na gane shi. Dogon mutumin nan ya koma ɗan ƙanƙani cikin bargo, yawu yana bin gefen bakinsa, Mama tana sharewa da haɓar zane. Ta jiƙe sharkaf, amma da ta gan ni ta yi ɗan murmushi.

"Hajiya, ga shi na kawo miki yatsan."

Na fito daga bayan taga na tsuguna a gabanta. Ban san ta inda zan fara ba, sai kawai na faɗa.

"Mama, maganin ya ƙare. Na yi ta kira ban samu ba."

Ta ce in sake faɗa. Na sake. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta juya tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Ni kuma akwai sauran maganar da dole in faɗa mata, wadda ta fi ta farko nauyi a bakina. Na ce in Baba ya danna yau, kwamfuta za ta rubuta cewa ya zo bai samu ba, za a sa shi cikin lissafin maganin da za a sayo. In bai danna ba, a wurinta bai zo ba, kuma ba za a sayo da shi ba.

Ta ɗaga bargon ta nuna mini hannun. Ya dunƙule tamau, babban yatsan yana ciki, sauran sun danne shi.

"Na hagu fa?"

"Ba ta san shi ba, Mama. Na daman kawai ta karɓa."

"Zai ji zafi?"

"Zai ji."

Ta sunkuya ta yi masa magana da yarensu a hankali. Ban ji abin da ta ce ba. Ya dube ta da idon nan guda da ke buɗewa sosai, ya yi wani ɗan gurnani. Ta ɗago ta ce mini, "Danna."

Igiyar na'urar ba ta kai benci ba, sai da masu layi suka taya mu jan bencin har gindin taga. Na durƙusa a siminti na riƙe hannun. Sanyi ƙalau, ga tauri. Na fara ɓamɓare yatsun ɗaya-ɗaya, ina buɗe wannan wancan yana komawa. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda ba na fatan in sake jin irinsa. Mama ta rungume kansa a ƙirjinta. Na samu na zaro babban yatsan na danna a gilashi, fitila ta yi ja. Na hura masa iska na sake, ja. Hawaye yana gangaro masa zuwa kunne. Wata mata ta miƙo man kaɗanya daga jakarta, na shafa na share, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka yafe mini," na sake lanƙwaso yatsan da ƙarfin da ban so in sa ba. Fitila ta yi kore.

Na koma bayan taga. Kwamfuta ta nuna sunansa, ta nuna ya zo, ta nuna babu magani, na danna na tabbatar. A lokacin na tsani na'urar, na tsani tagar, na tsani hannuna da ya yi aikin. Na rubuta mata sunan maganin a 'yar takarda don ta gwada kemis in dankali ya yi kuɗi. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane. Ta gyara wa Baba bargo, ta mayar da hannun ciki a hankali, sannan ta matso bakin taga ta rage murya.

"Hajiya, tun da ya danna yau, in maganin ya zo zan iya zuwa ni kaɗai in karɓa?"

Na so in ce mata eh, ko don ta koma gida da wani abu. Amma in na yi mata ƙarya, ita ce za ta sake biyo hanyar nan ta koma hannu wofi.

"A'a, Mama. Ranar karɓa sai ya sake dannawa."

Ta gyaɗa kai. Ta kwance zanen da za a ɗaure shi da shi, ta yafito mai keken, ta ce masa ya kama ƙafafun.